Daga Niyok zuwa bakin iyaka: yadda dokar abinci ta wani birni ta iso kasuwar mai da gishiri

A ranar 5 ga watan Disamba na shekarar 2006, hukumar lafiya ta birnin Niyok da ke ƙasar Amurka ta zartar da wata doka wadda a lokacin mutane da dama suka mayar abin dariya. Dokar ta hana gidajen sayar da abinci na birnin yin girki da wani irin mai da ake daskararwa a masana'anta, bisa hujjar cewa yana toshe hanyoyin jini, yana jawo bugun zuciya. Masu gidajen abinci sun yi ta kukan cewa hukuma ta shiga musu kicin ba sallama. To amma shekaru 17 bayan haka, wato a 2023, irin wannan doka ta shiga kundin dokokin Najeriya, ƙasar da akasarin hajar kasuwannin Ƙonni, Ɗan Isa, Magariya da Gaya ke shiga cikinta ko ke fitowa daga cikinta. Don haka duk ɗan kasuwar da ke loda jarkokin mai, ko katan-katan na biskit da dunƙulen miya, ya kamata ya san inda wannan magana ta samo asali da inda ta dosa.

Wane irin mai ne?

Tun farkon ƙarni na 20 masana suka gano cewa idan aka hura iskar haidirojin cikin man waken soya ko man angurya, sai ya daskare ya koma kamar man shanu. Masu masana'antu sun yi maraba da shi, saboda yana da araha, yana daɗewa bai lalace ba, kuma yana jure wutar suya. Da shi aka riƙa yin botar gwangwani da biskit da kek da soyayyen dankali. Matsalar ita ce a wajen wannan daskarwa wani nau'in kitse yana samuwa, wanda likitoci ke kira kitsen tarans. Shi wannan kitse yana ƙara mugun maiƙon da ke manne wa hanyoyin jini, kuma yana rage mai kyan da ke share su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawan cin sa yana ƙara haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 28 cikin 100.

A lokacin da Michael Bloomberg ke magajin garin Niyok, daga 2002 zuwa 2013, ciwon zuciya ne ke kan gaba wajen kashe mutanen birnin. Kwamishinansa na lafiya, Dakta Thomas Frieden, ya lura cewa mutanen Niyok suna yawan cin abinci a waje, kuma wanda ya zauna a gidan abinci ba shi da hanyar sanin irin man da aka soya masa kaza da shi. Ba ya ganin sa, ba ya jin ɗanɗanonsa, ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Da lallashi aka fara. A shekarar 2005 hukumar ta aika wa gidajen abinci takardu, ta horar da dubban ma'aikatansu, tana roƙon su canza mai don radin kansu. Bayan shekara guda aka sake zagayawa, sai aka tarar kusan rabin gidajen na amfani da man, kamar dai yadda aka same su tun farko. Daga nan ne aka koma ga doka. An ba masu abinci wata 6 su canza man suya da na shafawa, wato zuwa 1 ga Yuli 2007, aka kuma ba su wata 18 su canza na burodi da kek, zuwa 1 ga Yuli 2008. An buɗe musu ofishin ba da shawara kan man da zai maye gurbinsa, sannan aka sa tarar dala 200 zuwa 2,000 ga wanda ya ƙi bi. Kafin ƙarshen 2008, gidajen da ke amfani da man sun dawo ƙasa da kashi 2 cikin 100.

Abin da ya biyo baya shi ne ya rufe bakin masu suka. Binciken da aka yi kan abincin da mutane ke saye a manyan gidajen abinci ya nuna cewa kitsen tarans da ke cikin sayayya guda ya sauko daga giram 2.9 a 2007 zuwa giram 0.5 a 2009. Da aka auna jinin mazauna birnin a 2004 aka sake aunawa a 2014, an ga kitsen ya ragu da kashi 57 cikin 100. Gaskiya ne cewa a faɗin Amurka ma ya ragu a waɗannan shekaru, tunda daga 2006 aka tilasta wa kamfanoni rubuta shi a jikin kwali, amma a Niyok raguwar ta fi yawa ga masu cin abinci a waje sau huɗu ko fiye a mako, waɗanda su ne dokar ta fi shafa. Bugu da ƙari, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya kwatanta gundumomi 11 na jihar Niyok da suka kafa dokar da wasu 25 da ba su kafa ba, inda ya gano cewa bayan shekaru uku, kwanciya asibiti saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta ƙara raguwa da kashi 6.2 cikin 100 a inda aka kafa ta. Duk wannan ya faru ba tare da an ce wa kowa ya daina cin abin da ya saba ci ba.

Inda aka yi rabin nasara

Ba duk matakan da birnin ya ɗauka ne suka yi irin wannan tasiri ba, kuma a nan ne darasin yake. A 2008 aka wajabta wa kamfanonin da ke da rassa 15 ko fiye su rubuta adadin kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci, kusa da farashin kowane abinci. Tunanin shi ne idan mutum ya ga lambar zai rage. Binciken da jami'an birnin suka yi da kansu ya nuna cewa mutum ɗaya ne cikin shida ya yi aiki da lambar, kuma shi ya rage kalori kusan 100. Wani binciken da aka yi a unguwannin talakawa a 2009 bai ga wani canji a abin da mutane ke saye ba. Mai yunwa da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu farashi yake dubawa.

Haka zalika batun gishiri. A 2009 Niyok ta jagoranci wani shiri na neman kamfanonin abinci su rage gishiri da kashi 25 cikin 100 cikin shekaru biyar, amma bisa ganin dama, babu tara. Da aka yi lissafi a farkon 2015, abin da ya ragu a abincin kwali da gwangwani bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Shi ya sa a watan Disamba na 2015, lokacin magajin gari Bill de Blasio, aka tilasta wa manyan gidajen abinci sanya hoton kwalbar gishiri a gaban duk abincin da sinadarin sodiyom ɗinsa ya kai miligiram 2,300, wato abin da ya ishi mutum na yini guda cur.

Wanda ya faɗi warwas shi ne na lemon kwalba. A watan Satumba na 2012 hukumar lafiyar birnin ta hana sayar da lemo mai sukari a kofin da ya wuce kusan rabin lita a gidajen abinci da gidajen sinima da filayen wasa. Sai dai dokar ba ta shafi manyan kantuna da wasu shagunan da ke ƙarƙashin ikon jiha ba, ta yadda za a hana mai ƙaramin gidan abinci, maƙwabcinsa kuma yana sayarwa. Kamfanonin lemo suka garzaya kotu, har wasu ƙungiyoyin baƙaƙen fata da na 'yan asalin Latin Amurka suka mara musu baya, suna cewa ƙananan 'yan kasuwarsu ne za su kwana ciki. A watan Maris na 2013, ana gobe dokar za ta fara aiki, wani alƙali ya soke ta, sannan a watan Yuni na 2014 babbar kotun jihar ta tabbatar da cewa hukumar ta wuce gona da iri, domin yin irin wannan doka hurumin zaɓaɓɓun kansiloli ne.

Idan mai karatu ya jera waɗannan matakai huɗu zai ga abu ɗaya. Dokar da ta canza abin da ke cikin tukunya tun daga tushe, ta kuma hau kan kowa daidai wa daida, ita ce ta yi aiki sosai. Wadda ta dogara ga mai saye ya karanta ya yi wa kansa hukunci, ko ga kamfani ya ji tausayi, ta taɓuka kaɗan. Wadda kuwa ta bambanta tsakanin mai shago da mai shago ko kwana ɗaya ba ta yi ba.

Yadda ta tsallako teku

Niyok ba ita ta fara ba, domin ƙasar Danmak ta riga ta tun 2003, lokacin da ta ƙayyade cewa kitsen tarans kada ya wuce giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Amma ganin babban birni irin Niyok ya yi abin kuma gidajen abinci ba su rufe ba, sai wasu birane da jihohi suka bi sahu. A 2015 gwamnatin tarayyar Amurka ta cire wannan mai daga jerin abubuwan da ta yarda da ingancinsu, hanin ya fara aiki a watan Yuni na 2018. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abincin duniya baki ɗaya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun fara aiki da iyakar giram 2 a 2021, Indiya a 2022. Zuwa farkon 2024 ƙasashe 53 ne ke da cikakkiyar doka a kai, waɗanda suka ƙunshi kashi 46 cikin 100 na mutanen duniya, alhali a 2018 kashi 6 ne kawai. Saudiyya na cikin ƙasashe biyar na farko da hukumar ta ba takardar shaidar yabo a kan haka.

A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta fara a 2011, sai Najeriya ta bi sahu a 2023, lokacin da dokar hukumar NAFDAC kan mai da abincin da ke ɗauke da mai ta fito a jaridar gwamnati da wannan iyaka ta giram 2 cikin 100. Kafin nan, a 2022, Najeriya ta fara karɓar harajin naira 10 kan kowace litar lemo mai sukari, a 2025 kuma ta fitar da ƙa'idojin rage gishiri a abinci. Ke nan dukkan abubuwa ukun da aka yi ta jayayya a kansu a Niyok, mai da sukari da gishiri, sun riga sun iso ƙofar gidanmu.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Abu na farko shi ne haja. Masana'antar da aka rufe wa ƙofa a Turai da Amurka da Indiya ba za ta zubar da kayanta a teku ba, za ta nemi inda ba a dubawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha yin gargaɗi a kan haka. Tunda yawancin ƙasashen Afirka ba su kai ga kafa dokar ba, kasuwanninmu na daga cikin wuraren da irin wannan kaya ke iya ƙarewa. Ɗan kasuwar da aka yi wa tayin botar gwangwani ko daskararren man burodi da araha mai ban mamaki, ya dace ya juya kwalin ya duba. Idan ya ga an rubuta "partiellement hydrogénée" da Faransanci, ko "partially hydrogenated" da Turanci, to shi ne man da ake magana. Kayan da ya halatta a wannan gefen iyaka na iya zama abin kamawa a wancan gefen, kuma asarar ba kan mai masana'antar za ta faɗa ba, kan wanda aka tare da motarsa ne.

Wannan ba sabon abu ba ne ga tsofaffin 'yan kasuwa. Sun ga lokacin da aka wajabta gishiri mai aidin, sun kuma ga yadda daga 2002 Najeriya ta tilasta sanya bitamin A cikin man girki da sukari da fulawa, har aka riƙa neman alamar ido a jikin kaya. Waɗanda suka fahimci abin da wuri sun canza masu kawo musu kaya, waɗanda suka yi jinkiri kuma sun biya da dukiyarsu.

Abu na biyu dama ce. Man gyaɗa da man riɗi da matanmu ke matsewa ba su da kitsen tarans na masana'anta. Manja ma ba shi da shi, ko da yake kusan rabinsa kitse ne mai nauyi wanda yawansa ba ya yi wa zuciya kyau. Ɗan abin da ke cikin man shanu na halitta ne, kuma dokokin nan ba su shafe shi ba. Idan aka tsananta kan daskararren mai na waje, masu man gyaɗa na Maraɗi da Damagaram ne ya kamata su fara cin moriya, muddin sun tsabtace shi, sun zuba a mazubi mai suna da adireshi. A Niyok ma ba hani kaɗai aka yi ba. A 2008 birnin ya ware lasisi 1,000 na masu tura baro da ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace a unguwannin da ba a samun su, ta haka lafiya ta buɗe wa mutane sana'a.

Abu na uku kuwa jikin ɗan kasuwar ne kansa. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, cututtukan zuciya da hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu tasowa suka faru. Rahotonta na 2023 ya ce baligi ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kusan rabinsu kuma ba su sani ba. Wanda ke kwana a tasha, ya karya da shayi mai madara da burodi mai bota, ya yi rana da taliyar leda, ya rufe da tsire mai yaji da dunƙule, shi ne irin mutumin da aka yi dokar Niyok dominsa. Kuma kowa ya san yadda shanyewar ɓarin jiki ke cinye jarin gida cikin 'yan watanni.

Inda namu ya bambanta

Sai dai kuskure ne a ɗauko dokar Niyok a dasa ta nan yadda take. A can kowane gidan abinci na da lasisi, kuma jami'an lafiya na ziyartarsa a kai a kai, don haka duba jarkar mai ƙari ne kawai kan aikin da suka saba. A nan mai ƙosai da mai tuwo-tuwo da mai shayi ba su cikin wani kundi, kuma man da suke saye a kwalba ko a gwangwanin awo ake zuba musu daga duron da ba rubutu a jikinsa. Wurin da za a iya tare matsalar shi ne masana'anta da tashar jiragen ruwa da ofishin duwan, inda kaya ke wucewa da yawa a hannun mutane ƙalilan.

Na biyu, babbar matsalarmu ta fi karkata ga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka. A Amurka fiye da kashi 70 cikin 100 na gishirin da mutane ke ci daga abincin kwali da na gidajen abinci yake zuwa, amma a nan uwargida ce ke zuba mafi yawansa da hannunta. Dunƙulen miya rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne, ga shi ana jefa uku ko huɗu a tukunya sannan a ƙara gishiri a kai. Kanwa ma sodiyom ce, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A nan misalin Afirka ta Kudu ya fi kusa da mu, domin dokarta da ta fara aiki a 2016 ta ƙayyade gishirin da za a sa a burodi da taliyar leda da dunƙulen miya tun daga masana'anta, aka kuma ƙara rage shi a 2019. Idan aka rage sannu a hankali harshe yana sabawa.

Duk da haka akwai abin da ma'aikatar magajin gari za ta iya yi ba tare da jiran babban birni ba. A 2008 Niyok ta kafa ƙa'ida kan abincin da ita kanta take saye wa makarantu da asibitoci da gidajen yari, kwano sama da miliyan 200 a shekara, kuma dole masu kwangila suka canza kayansu don kada ciniki ya kuɓuce musu. Garuruwanmu ma suna sayen abincin makarantu, suna ba masu gidan burodi izini, suna karɓar kuɗin rumfa a kowace ranar kasuwa. Daga cikin kuɗin rumfar nan za a iya ajiye ma'aikacin lafiya guda da abin awon jini a bakin kasuwa.

Abin tsoro ɗaya ne, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa saninsa: kada dokar lafiya ta zama wani sabon shinge na karɓar na goro. Abin da ya sa ta Niyok ta karɓu shi ne an faɗi ƙa'ida a fili, an ba da wa'adi, an nuna abin da zai maye gurbi, kuma babba da ƙarami duk ta hau kansu. Waɗannan sharuɗɗa ne ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa na garuruwan iyaka su nema tun yanzu, su kuma nemi a zauna da su kafin a rubuta doka, tare da matsa wa masu kawo musu kaya su riƙa ba su takardar abin da ke cikin hajar. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na maƙwabciyarmu Najeriya ya kama tun 2023.